Rijiyar da Yaya Ya Kulle

Ranar Litinin, tara ga watan da muke ciki, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda unguwa ta sani da Mai Tanderu, bayan jinyar ƙirji da ba ta daɗe ba. Daga Allah muka zo, ga shi kuma ɗaya bayan ɗaya muna komawa gare Shi. An yi masa sutura a ranar, bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu da jikoki, sai ni ƙanwarsa. Mu biyu iyayenmu suka haifa, yanzu saura ni.

Yaya, maza sun gaya mini cewa kafin a sallace ka liman ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai haƙƙi a kanka, aka yi tsit. Mai haƙƙin tana cikin gida tare da mata, ba ta ji tambayar ba. Ni ce. Babu wanda bai san maganar rijiyata a unguwar nan ba, kuma an san ka bar duniya ban ce na yafe maka ba. Abin da ba a sani ba shi ne kai ka hana ni faɗa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don a ji yadda abin ya kasance daga bakin wadda aka yi da ita.

Da yawa daga cikin masu zuwa gaisuwa sun ɗauka maƙerin tukwane ne kai. Tukunya kam ka zuba, amma ainihin aikinka narkar da alminiyam ne. Yadinka, wato filin aikinka, cike yake da abin da mutane suka gama da shi: gwangwanayen lemo, tukwanen da gindinsu ya huje, firam ɗin tagogi, fukafukan fanka, fistin ɗin tsofaffin motoci. Kullum akwai maganaɗisu a aljihunka. Duk abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, a ware shi gefe. Sau nawa matarka tana wanki ta tarar da allurai da ƙusoshi sun manne a aljihun rigarka, ta fito tana faɗa, kana dariya.

Na daɗe ban gane abin da ya haɗa gishiri da wuta ba, sai ranar da ka zaunar da ni a kan wani tsohon bokiti ka yi mini bayani. Ka ce gwangwani siriri ne, idan aka jefa shi wuta a buɗe, iska takan cinye shi ya koma toka kafin ya narke. Don haka sai a fara narkar da gishiri, na miya haɗe da wani ɗan'uwansa da kake sayowa wurin masu taki. Shi zai kwanta a saman ƙarfen ya raba shi da iska, ya janye fenti da datti, sai ɗige-ɗigen alminiyam su haɗu su sauka ƙasa, fari tas. Daga nan a kwashe baƙin ɓawon da ke sama da dogon ludayin ƙarfe, a tsiyaye mai kyan a mazubi. Wannan ɓawon, wanda ya sha gishiri da datti, shi kuke kira baƙin gishiri. Da ya huce sai a tura shi a baro a zube bayan katanga.

Ban taɓa ganin mutumin da ke tsoron ruwa a wurin aiki kamarka ba. Kakan ce ɗigo ɗaya da ya ɓuya a cikin gwangwani, idan ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe, ya isa ya watsa tanderu a fuskar mutane. Kowane gwangwani sai an huda shi, an murƙushe, an jera a bakin wuta ya bushe. Gishiri kuwa, da yake yana jan danshi da damina, sai ka kwashe buhunan ka kai falon gidanka, ka ɗora a kan katako. Baƙi suna zaune a tsakar gida, gishiri yana falo. Matarka, wadda nake kira matarmu, takan ce ita dai mutum aka aura mata, amma da gishiri ta tare.

Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa tare da kai a bakin wuta, ya ba mu wani labari a zaman makoki. Ya ce wata rana aiki ya yi yawa, mai mota yana jiran kaya, sai ya ɗago buhun gwangwanin da ya kwana a raɓa zai juye. Ka kama wuyan hannunsa. Ba ka yi tsawa ba, ba ka zage shi ba. Ka kashe injin hura iska, ka jira kowa ya juyo, sannan ka ce: "Dogo, ni zan je in gaya wa matarka, ko kai za ka je ka gaya wa tawa?" Ya ce tun daga ranar bai ƙara ɗaukar buhu bai zura hannu ya taɓa cikinsa ba. Yana ba da labarin yana share ido da hularsa.

Ni kuma wanda ba na mantawa shi ne na wata mata da ta kawo tukunyar marigayiya mahaifiyarta, duk ta lotse, gindin ya zama raga. Ta roƙa a narkar a zuba mata sabuwa, amma kada a haɗa da tarkacen kowa. Ma'aikatanka suka yi ta murmushi, don ƙarfe ai ƙarfe ne, kuma da an haɗa ba za ta taɓa sani ba. Kai kuwa ka hura ƙaramar wuta daban, ka ɓata rabin yini a kan tukunya ɗaya. Da ƙarfen bai isa ba, ka aika aka tambaye ta ko akwai wani abu na uwar, ta kawo murfi da ludayi. Tukunyar ta fito ƙarama, amma duk abin da ke jikinta na tsohuwar ne. Haka kake, idan ka ɗauki amana ba ka neman hanyar sauƙi.

To, ga abin da ya shiga tsakaninmu. Filin mahaifinmu a gangare yake. Da aka raba, kai ka sami sama inda ka gina tanderu, ni na sami ƙasa, tare da rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa. Da ita na yi lambu, da ita na raini 'ya'yana, maƙwabta kuma suna shigowa su ɗiba. Katanga ɗaya ta raba mu, amma sai a yi watanni ban ga ƙafarka a gidana ba. Ba faɗa muke ba. Kai dai mutum ne da bai iya zuwa wuri don gaisuwa kawai ba, sai in akwai abin gyara.

Kai da ke tsoron ɗigon ruwa a cikin tanderu, ba ka taɓa tsayawa ka tambayi abin da ruwan sama ke yi wa tulin da ke bayan katanga ba. Shekara da shekaru yana taruwa. Idan aka yi ruwa sai ya ɗau zafi ya riƙa tururi, wari kamar na tsohon fitsari ya cika gida, ido ya yi ta yaji. Muka yi ƙorafi sama-sama, ka ce wucewa zai yi. Daga nan ganyen lambuna ya fara ƙonewa ta gefe. Bishiyar lemon tsamin da ke bakin rijiya ta zubar da ganye ta tsaya ƙirin. Ƙasa ta riƙa yin wani farin ɓawo da rani. Ranar da maigidana ya kurɓi shayi ya tofar, na ɗebo ruwan na ɗanɗana da kaina, na san an gama da rijiyar Baba.

Ba banza kake kira na Barkono ba. Na cika kofi, na zagaya har yadinka, na ajiye a gabanka ma'aikatanka suna kallo. Abin da na faɗa ranar ba zai rubutu ba. Na ce ka cinye gadon ubanmu da gishiri, na ce wutarka ta fi jininka daraja a wurinka, na ƙara da wasu. Har yau ban ce ban yi daidai ba, don an cuce ni, kuma na faɗa a gaban wanda ya yi. Ka saurara har na gama. Sannan ka ɗauki kofin ka shanye duka, ka miƙo mini abina.

Kwana biyu bayan haka ka shigo da murfin da ka zuba daidai bakin rijiyar, da kwaɗo. Ka rufe, ka kulle, ka sa makullin a igiya ka rataya a wuyanka, ka ce kada yaron kowa ya sha. Ka ja mini famfo daga naka. Ban gode ba. Na yi watanni idan na hango ka sai in canza hanya.

Abin da ka yi daga nan unguwa ta gani da idonta. Ka kashe tanderu rani guda, abin da ba ka taɓa yi ba ko da rasuwar iyayenmu. Kai da ma'aikatanka kuka kwashe tulin nan a baro, kuka haƙe ƙasar da ke ƙarƙashinsa har sai da ta canza launi. Ka daɓe wuri da siminti, ka rufa masa kwano, kuma kwanon da ka saya ne don ƙarasa ɗakunan 'ya'yanka. Sannan ka shiga tambaya wurin masu sana'a na nesa, ka koyo yadda ake wanke baƙin gishiri. A daka shi, a tankaɗe, a tsince 'yan ƙwayoyin ƙarfen da suka maƙale a ciki, a jiƙa sauran a tanki, a tsiyaye ruwan zuwa faffaɗan tire a bar wa rana. Gishirin ya dawo, toka-toka, ya sake komawa wuta. Lakar da ta rage mota ta zo ta kai wa masu siminti. Abokan sana'arka suka ce Mai Tanderu ya koma wankin toka. Yau biyu daga cikinsu suna da irin rumfar nan, kuma kai ka je ka auna musu.

Sai maganar Juma'a. Kowane mako, da an sauko daga masallaci, sai ka shigo gidana. Ka cire babbar riga ka rataya a ƙofa, ka buɗe kwaɗo, ka yi ta jan guga kana juyewa a durom, don a rage mai gishirin sabo ya tsattsafo. Ko ɗigo ba ka zubarwa a ƙasata, Dogo ke turawa sama zuwa tire. Idan ka gama sai ka cika kofi, ka kurɓa, ka juya shi a baki, ka tofar, ka ce, "Da saura." Ka rufe, ka kulle.

Da farko ina ɗaki ina jin ƙarar guga, ban fito ba. Daga baya na riƙa ajiye maka kujera. Daga baya shayi. Ban san lokacin da muka fara hira ba, na dai san mun yi ta Baba da Inna, mun yi ta auren 'ya'ya, mun yi gulmar dangi wadda ba a yi da kowa sai ɗan'uwa. A bakin rijiyar nan na san kana da barkwanci. A nan ka zauna da ni Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar maigidana, kuma zaman nan shi ne gaisuwar da ta fi shiga raina. Shekara goma sha wani abu muka yi a haka. Gashinka ya yi fari, gugan ya fara yi maka nauyi, amma ba ka yarda wani ya ja maka ba.

Na so in rufe maganar tun kana da rai. Lokacin da za a yi mini aiki a asibiti, ka zo dubiya, na ce Yaya, mu yafi juna, ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba.

"Ni na yafe miki abin da bakinki ya faɗa, ko da yake gaskiya ya faɗa," ka ce. "Naki kuwa riƙe shi, Barkono. Yafiyar gadon asibiti ta tausayi ce. Ranar da rijiya ta gyaru ki ba ni, in karɓa da hannu biyu."

Na sake gwadawa ba sau ɗaya ba, kullum sai ka ɗaga hannu ka tsayar da ni. Autarka, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta yi ta roƙon ka ba ta kwalba ɗaya ta auna, ka ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ka ce a bari a ga rani. Na ɗauka taurin kai ne irin na gidanmu, kuma ni ce ƙarshen wadda za ta zargi wani da taurin kai.

Ranar Litinin ɗin nan, bayan an dawo da gawarka gida daga asibiti, ina shirin tafiya can sai ga Dogo da liman a ƙofata, igiyar makulli a hannun Dogo. Matarmu ce ta aiko su. Ka bar mata wasiyya cewa da ruwan rijiyar Baba za a wanke ka. Liman ya tsaya yana jinjina abin, don ya san tarihinta. Ya ce ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya saboda abin da aka zuba masa ba a tsarki da shi, sai an duba. Dogo ya buɗe, ya jawo guga. Liman ya cika kofi, ya miƙo mini, ya ce mai rijiya ta fi kowa sanin ruwanta.

Na sha, Yaya. Ruwan Baba ne. Mai sanyi, mai daɗi, irin wanda muke sha muna yara idan mun dawo daga makaranta. Babu gishiri, babu ɗaci, babu wari. Na zauna a ƙasa da kofin a hannu. Liman ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai, ya ce a cika jarkoki. Ina zaune ina lissafin cewa Juma'ar ƙarshe da ka zo, wata guda bai cika ba, ka kurɓi wannan ruwan ka ce da saura.

Sai a rana ta uku, da mutane suka ragu, matarmu ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Gwaggon yara," ta ce, "yayanki ya daɗe ba ya jin ɗanɗanon komai."

Ta ce hayaƙin wuta ne ya kashe maka harshe a hankali, tun shekaru. Ta gano ne ranar da ta yi mantuwa ta zuba wa miya gishiri sau biyu, yara suka ture kwano, kai kuwa ka cinye tas har ka yaba. Da ta matsa maka ka amsa, amma ka sa ta yi alkawarin ba za ta gaya mini ba. Ta tambaye ka, to mene ne amfanin kurɓar da kake yi kowace Juma'a? Ka ce idan ka faɗa mini zan ɗanɗana da kaina, idan na ji ya gyaru zan yafe maka, shi ke nan an rufe magana, an karɓi makulli. "Ni kuwa," ka ce mata, "ban san yadda ake zuwa gidan ƙanwa a zauna ba tare da aiki ba."

Da kana raye da ka ji Barkono ranar nan. Wane irin mutum ne zai ɗauki nauyin haƙƙi a wuyansa shekara da shekaru, ya yarda ya mutu da shi, don kawai yana jin nauyin ya ce, ƙanwata, na zo shan shayi? Ƙofata ba ta taɓa neman dalili a wurinka ba. Na yi fushi, na yi kuka, na kuma yi dariya ni kaɗai kamar wadda ta zautu, don na tuna yadda kake juya ruwan a baki kana haɗe gira kamar babban alƙali. Yanzu da raina ya kwanta, ina ganin kowa da yadda ya iya son ɗan'uwansa. Kai da guga ka iya, kuma ban ga wanda ya so ni haka ba bayan iyayenmu.

Auta ta ɗebi ruwan ta kai wurin aikinta. Ta dawo ta ce, Gwaggo, ku sha, babu komai a ciki. Na cire kwaɗon. Maƙwabta sun fara shigowa da bokitansu kamar da, wasu ma ba a haife su ba lokacin da aka rufe ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarmu, wadda ta zauna da kai da gishirinka da sirrinka, Allah Ya ba ta ladan haƙuri. Ga 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya albarkaci bayanka, Ya haɗa kansu. Ga Dogo da sauran mutanen bakin wuta, waɗanda suka rasa uba ba maigida kawai ba, Allah Ya tsare su daga sharrin wuta da na ruwa. Roƙona gare su ɗaya ne: kada su bari rumfar nan ta yi yoyo, kada baƙin gishiri ya sake kwana a sararin Allah. Ga maƙwabta da duk wanda ya tako ko ya aiko, Allah Ya saka da alheri.

Saura abin da ka ce in riƙe maka. Sharaɗinka ya cika, kuma da ruwan aka wanke ka. Hannayen da ka ce za ka karɓa da su suna ƙarƙashin ƙasa, don haka na miƙa wa Wanda ba Ya ɓatar da ajiya. Allah Ka shaida, jama'a ku shaida, na yafe wa yayana duniya da lahira, babu haƙƙina a kansa ko na ƙwayar gishiri.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya nisanta ka da wuta kai da ka ƙare rayuwarka a bakinta, Ya shayar da kai ruwan da babu ƙishi bayansa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.